Makin Tanis na Matasa: Tsanin da Ƙafarsa Ba Ta Sauka Illela Ba

Kowace ranar Litinin, Hukumar Wasan Tanis ta Duniya, wato ITF, mai hedikwata a birnin Landan, takan sabunta jerin matsayin matasan 'yan wasa, na maza daban, na mata daban. Dubban sunaye ne a ciki, kowane da makinsa a gabansa. Da wannan jeri ake tantance wanda zai buga gasar matasa ta Wimbledon da wanda zai kalle ta a talabijin. Mutane da yawa sun ɗauka ma'aunin gwaninta ne tsantsa. A ganina rabin gaskiyar ke nan, domin jerin yana auna ƙarfin aljihun iyaye da kusancin garin yaro da filin gasa kamar yadda yake auna ƙarfin dantsensa. Wanda ya dubi lamarin daga garinmu Illela, a bakin iyakar Najeriya da Nijar, zai fi ganin haka ƙarara.

Bari mu fara da yadda tsarin yake. Yaro ko yarinya na da damar shiga gasannin matasa na ITF daga ranar da ya cika shekara 13 har zuwa ƙarshen shekarar da ya cika 18. Sai ya yi rajista ya samu lambar shaida ta hukumar kafin a karɓi sunansa. Tun daga 2023 ake kiran gasannin da yawan makin da zakara ke samu: J30 ce mafi ƙanƙanta, sai J60, J100, J200, J300, har zuwa J500. A saman su duka akwai ɓangaren matasa na manyan gasanni huɗu na duniya, wato na Ostareliya, Faransa, Ingila da Amurka, inda zakara ke tashi da maki 1000. Ba a ba da kyautar kuɗi a ko ɗaya daga cikinsu. Maki da kofi ne kawai ladan.

Wajen lissafi, ana ɗaukar sakamako shida mafiya kyau da ɗan wasa ya samu a wasan ɗaiɗai, a haɗa da kashi ɗaya bisa huɗu na sakamako shida mafiya kyau a wasan bibbiyu, duka a cikin makonni 52 da suka gabata. Makin da ya cika shekara faɗuwa yake yi. Saboda haka wanda ya zauna gida ba ya tsayawa inda yake, gangarowa yake yi mako bayan mako.

A nan tsarin ya sha bamban da abin da muka saba da shi. A gasar kokawar Takobi ta Nijar, wadda maƙwabtanmu na Ƙonni da mu kanmu muke bi da ɗoki, kwanaki kaɗan ake yi a fili guda, wanda ya kā da kowa ya ɗauki takobi. A tanis kuwa, sai mutum ya yi ta yawo daga gari zuwa gari, daga ƙasa zuwa ƙasa, yana tsintar maki shekara sukutum.

Mai karatu ya yi wannan ɗan lissafi. Yaron da ya shiga gasa shida masu daraja J30, ya cinye su duka ba tare da an doke shi ko sau ɗaya ba, makinsa na wasan ɗaiɗai 180 ne. Takwaransa da ya ci gasar J200 guda ɗaya tak ya wuce shi da maki 20. Gasannin da akan shirya a yankinmu, irin na Abuja ko na Ankara ta ƙasar Gana, galibi na ƙananan matakai ne. Masu nauyi kuwa suna can nesa, kamar Orange Bowl a jihar Filorida ta Amurka da gasar birnin Milan a Italiya. Ga kuma wani ƙulli: shiga babbar gasa na bin matsayin ɗan wasa ne a jerin. Wanda ba shi da maki sai dai ya fara daga zagayen share fage, ko ya jira ɗaya daga cikin 'yan guraben alfarma da masu masaukin baƙi ke rabawa. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu mu ɗora wannan tsari a kan yaron Illela. Kafin ya taka fili a Abuja, sai ya bi ta Sakkwato, ya yi tafiyar yini guda a mota, da babba mai rakiya, da kuɗin masauki da abinci na mako guda. Idan aka fitar da shi a zagayen farko, ya dawo hannu rabbana. Sau shida aƙalla ake so ya yi irin wannan tafiya a shekara, kuma wasu daga ciki dole su zama na ƙetare, da fasfo da tikitin jirgi. Zama a bakin iyaka ma bai ba shi wani tabbaci ba. Mun ga yadda aka rufe iyakar nan daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, aka sake rufe ta a 2023 bayan juyin mulkin Nijar. Kasuwar Lahadi ta ji a jikinta, balle shirin wasan yara.

Akwai kuma shingen da ba a cika magana a kai ba, wato takardar haihuwa. Duk tsarin matasa a kan shekaru aka gina shi. Yaron da ba a yi wa rajista ba lokacin da aka haife shi, sai daga baya aka je kotu aka rantse aka ƙiyasta masa shekaru, zai yi ta fuskantar tambayoyi da shakku. Zargin rage shekaru ya daɗe yana ɓata sunan wasannin matasa a nahiyarmu. Uban da ya karɓo wa jaririnsa takarda daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ya buɗe masa ƙofar da shi kansa bai san da ita ba tukuna.

Wani zai ce, mu da ke fama da matsalar tsaro da yaran da ba sa zuwa makaranta, ina ruwanmu da wasan 'ya'yan masu hali? Tambaya ce mai ma'ana, amma tarihi na da amsa. Nduka Odizor yaro ne mai tsintar ƙwallo a kulob ɗin Ikoyi da ke Legas. Wasan ya kai shi Jami'ar Houston a Amurka, ya kai zagaye na huɗu a Wimbledon a 1983, ya kuma hau matsayi na 52 a duniya a 1984. Sadiq Abdullahi ya wakilci Najeriya a wasannin Olamfik na birnin Seoul a 1988. Angella Okutoyi ta Kenya, wadda kakarta ta rena cikin ƙaramin ƙarfi, ta ci kofin wasan bibbiyu na 'yan mata a Wimbledon a 2022, daga nan ta samu gurbin karatu a Jami'ar Auburn. Ons Jabeur ta Tunisiya ta ci gasar matasa ta Faransa a 2011, shekara 11 bayan haka ta buga wasan ƙarshe na manya a Wimbledon.

A matsayina na malamin jami'a, batun karatun nan ne ya fi jan hankalina. Gaskiya ce cewa mafi yawan matasan da ke saman jeri ba sa zama taurari idan sun girma. Tsanin manya daban yake, kuma ya fi santsi. Amma jami'o'in Amurka na duba matsayin matashi wajen ba da tallafin karatu. Ga iyalin da ba zai iya biyan kuɗin digiri ba, wannan riba ce da ta fi kofi daɗewa.

Arewa ba baƙuwa ba ce a wannan wasa. Gasar Dala a Kano da gasar filin jar ƙasa ta Kaduna sun yi shekaru ana buga su. Abin da ya rage shi ne a sauko da ƙafar tsanin kusa da yara. Filin tanis bai wuce tsawon mita 24 da faɗin mita 11 ba, ban da 'yar sararin da ake bari a gefe. Makarantar sakandare mai fili za ta iya ɗaukar guda biyu, a riƙa buga wasa da sassafe da kuma bayan la'asar saboda zafin ranarmu. Gwamnatin jiha, tare da attajiran da suka yi arziki da kasuwancin iyaka, na iya kafa gasar makarantu ta 'yan ƙasa da shekara 12 da 14, maza da mata, a ajiye sakamako a rubuce, a fitar da jerin matsayi na jiha da kowa zai iya dubawa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mataki na gaba shi ne Hukumar Tanis ta Najeriya ta nemi a kawo gasar J30 ko da guda biyu a jere zuwa Kano ko Kaduna, har Sakkwato idan an tanadi filaye. Amfanin karɓar baƙuncin gasa a bayyane yake: kuɗin tafiya ya ragu, guraben alfarma kuma su faɗa hannun yaran gida. Yaran Maraɗi da Tawa da Ƙonni ma za su samu gasa kusa da su, tun da yare ɗaya muke yi, hanya ɗaya muke bi.

Ba na zargin ITF da rashin adalci a lissafinta. Ƙa'idar a fili take, kuma ɗaya ce ga kowa. Sai dai ma'auni ba ya auna abin da ba a ɗora masa ba. Yaron da ke tsallen langa a bayan makarantar firamare a Illela, mai saurin ƙafa da kaifin ido, ba a ƙasan jerin yake ba, babu shi a ciki gaba ɗaya. Sanya sunansa a ciki aikinmu ne: na uban da zai karɓo takardar haihuwa, da shugaban makarantar da zai ware fili, da kwamishinan da zai sa kuɗin raket da ƙwallo a kasafin baɗi.