Zurma, Idon Zakara da Ɗanyen Wake: Dafin da Ke Bin Sukari

A bayan gidaje da bakin juji zurma kan tsiro ba wanda ya shuka ta. 'Ya'yanta masu sheƙi da zane-zane suna jan hankalin yara, haka ma na idon zakara, jajayen nan masu ɗigon baƙi da ake hudawa a yi abin wuya. Dukansu biyu suna ɗauke da dafin da ke kisa.

Dafin wani nau'in furotin ne da masana ke kira lektin. Kowace ƙwayar halitta a jikin mutum lulluɓe take da ƙananan sarƙoƙin sukari, ba irin na shayi ba. Kowane lektin yana da sukarin da ya sani, shi yake kamawa, kamar mabuɗi da kwaɗonsa. Na zurma, wato risin, ɓangare biyu gare shi: ɗaya ya kama sukarin galaktos da ke jikin ƙwayar ya sami hanyar shiga, ɗayan ya tsayar da sarrafa furotin a ciki, sai ƙwayar ta mutu. Peter Hermann Stillmark ne ya gano shi a 1888 a jami'ar Dorpat, cikin Istoniya ta yau, kuma da shi aka kashe marubucin Bulgeriya Georgi Markov a Landan a 1978. Har yanzu ba shi da makari.

Taunawa ce ke fito da dafin. Amai, murɗawar ciki da gudawa mai jini kan ɗauki sa'o'i kafin su bayyana, abin da ke yaudarar iyaye ke nan. In yaro ya ci, kada a tsaya ɗura masa manja ko madara. A garzaya asibiti, a tafi da ragowar 'ya'yan likita ya gani. Man zurma da aka tace a masana'anta ba shi da risin, amma dusar da ta rage bayan matsa tana da shi, kada a zuba wa dabbobi.

Wake ma yana da nasa lektin, musamman jan wake mai siffar ƙoda: ɗanye huɗu ko biyar sun isa su tayar da amai. Sai dai wuta na kashe wannan. Masu yaɗa cewa a daina cin wake sun yi nisan kiwo. A jiƙa jan waken aƙalla sa'a biyar, a zubar da ruwan, a bar shi ya tafasa sosai aƙalla minti goma, sannan a ci gaba da dafawa har ya yi laushi. Wuta mai sanyi-sanyi da ba ta kai ga tafasa ba, ba ta karya dafin.