Kafin ka sayi rauta, fara auna gidanka

Kwanan baya wani ɗalibin jami'a ya kawo mini kukansa. Ya yi wata da watanni yana tara kuɗi, ya sayi na'urar rarraba intanet a gida, wadda aka fi sani da rauta, saboda mai shago ya ce masa "5G ce". Da ya kunna ta, saurinta bai wuce na wayarsa ba.

Abin da ya ruɗe shi yana ruɗar mutane da dama. 5G fasahar kamfanonin sadarwa ce, wadda MTN ya fara kawowa Najeriya a 2022, kuma har yanzu ba ta wadatu ba ko a manyan birane. Shi kuwa 5GHz zango ne da rauta ke amfani da shi wajen isar da intanet ga wayoyin cikin gida. Yana da sauri, amma bango na rage masa ƙarfi. Zangon 2.4GHz bai kai shi sauri ba, sai dai ya fi shi ratsa bulo da isa ɗakunan nesa. A gidan da ke da sassa da yawa da tsakar gida, wannan tsohon zangon ne zai fi yi maka aiki.

Gaskiyar da masu talla ba sa son faɗa ita ce, rauta ba ta ƙirƙirar sabis. Abin da ta samu shi take rabawa. Don haka kafin ka zare kuɗi, ari layukan kamfanoni biyu ko uku, ka gwada su a ɗakin da kake karatu, musamman bayan sallar isha'i lokacin da kowa ya hau intanet. Ka kuma tambaya ko na'urar a kulle take da layin kamfani guda. Wadda ke karɓar kowane layi ta fi tsada, amma ranar da sabis ya yi rauni a unguwarku za ka gode wa kanka.

Sai batun wuta. Babbar rauta ta kan tebur ta fi jan sabis da ɗaukar mutane, amma yawancinsu da zarar an ɗauke wuta sun mutu, in ba ka tanadi batir ko sola ba. Ƙaramar MiFi ta aljihu tana da batirinta, kuma a ganina ta wadaci ɗalibi ɗaya ko biyu. Starlink, da ya shigo ƙasar nan a 2023, yana isa inda babu turken sadarwa, sai dai kuɗin kayansa da na wata-wata sun fi ƙarfin yawancin gidaje.

Shi ɗalibin namu, a ƙarshe layi ya sauya, ya ɗauke na'urar daga bayan talabijin ya ɗora ta kusa da taga. A makon nan ya miƙa babi na biyu na kundinsa ta intanet.