Ɓerayen da suka zaɓi giya, da matsalar shaye-shaye a ƙasar Gobir

A wani nazari da aka wallafa a shekarar 2018 ne masu bincike a Jami'ar Linköping ta ƙasar Suwidin, ƙarƙashin jagorancin Markus Heilig, suka koya wa ɓeraye danna wani maɓalli domin su sami barasa, sannan suka ba su zaɓi tsakanin barasar da ruwa mai zaƙi. Mafi yawansu suka koma wa zaƙi, amma kimanin kashi 15 cikin 100 suka nace wa barasa, ko da an zuba mata kwinin mai ɗaci, ko an haɗa shan ta da ɗan jan lantarki a ƙafa.

Da aka binciki ƙwaƙwalwar waɗannan 'yan tsiraru, sai aka tarar da bambancin a amigdala, wato sashen da ke kula da tsoro da damuwa, inda wani furotin mai suna GAT-3 ya yi ƙaranci. Aikinsa kwashe sinadarin GABA, wanda ke rage kuzarin jijiyoyin ƙwaƙwalwa, bayan ya isar da saƙonsa. Idan ya yi ƙaranci sai sinadarin ya taru, aikin sashen ya jirkice. Da masanan suka rage furotin ɗin da gangan a ɓerayen da ke son zaƙi, su ma sai suka karkata ga barasa, kuma an ga irin wannan ƙaranci a ƙwaƙwalwar mutanen da suka mutu da jarabar giya.

A Sabon Birni da Isa na ƙasar Gobir kuwa, inda addini da dokar shari'a ta Jihar Sakkwato suka haramta giya, abin da ya fi damun iyaye a harkar shaye-shaye shi ne ƙwaya irin su tiramol, da kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa maganin tari mai ɗauke da shi a watan Mayun 2018. Binciken Suwidin a kan barasa aka yi shi, don haka ba hujja ba ce kai tsaye a kan ƙwaya, amma ya ƙarfafa fahimtar cewa matasa goma na iya ɗanɗana abu guda, ɗaya ko biyu su kasa bari, saboda ƙwaƙwalwarsu ta karɓe shi daban. Irin wannan matashi magani yake buƙata tare da nasiha, kuma abin takaici, babban asibitin tarayya na masu taɓin hankali a jihar yana can Kware kusa da birnin Sakkwato, ga shi kuma 'yan bindiga sun sa matafiya daga gabashin jihar suna bin hanyoyin zuwa can da fargaba.