Matar Da Ta Koyi Sirrin Jijiya Daga Ƙwan Kaza

'Yan'uwana ɗalibai, dukanmu mun sani kaza takan kwanta a kan ƙwai kwana 21 kafin ta ƙyanƙyashe. Amma yaya jijiyar da ke tsirowa daga lakar ɗan tsako ta ke sanin hanyar zuwa fiffike, ta kuma tsaya daidai inda ya kamata? Yaro mai wayo zai iya yi mana wannan tambaya a aji, don haka na ga ya kyautu in ba ku labarin waɗanda suka amsa ta.

An haifi Rita Levi-Montalcini a birnin Turin na ƙasar Italiya a 1909. Ta koyi aikin likita a hannun wani malami, Giuseppe Levi, wanda almajiransa uku suka sami lambar Nobel daga baya. A 1938 gwamnatin Mussolini ta hana Yahudawa aiki a jami'a, ita kuwa Bayahudiya ce. Sai ta mai da ɗakin kwananta wurin bincike. Ta wasa alluran ɗinki suka zama wuƙaƙenta, ta riƙa bin manoma tana neman ƙwai. Abin da ya ragu bayan aiki kuwa, a tukunya ya ke ƙarewa, gama lokacin yaƙi ne.

Tun a 1934 wani masani a Amurka, Viktor Hamburger, ya nuna cewa in aka yanke tohon fiffiken tsako tun yana cikin ƙwai, ƙwayoyin jijiya na wannan gefe sukan kasa yawa. Shi a ganinsa ba su samu ba ne tun farko. Rita ta sake gwajin, tana ƙirga ƙwayoyin kwana bayan kwana, sai ta ga ba haka ba ne. Sukan samu, su yi girma, sa'an nan su mutu, kamar shukar da ta tsiro ruwa ya ɗauke. Watau akwai wani abinci da fiffike ke ba jijiya.

Nan ne Hamburger ya burge ni. Maimakon ya ji haushi, sai ya gayyace ta jami'arsa a Sant Luwis. Ta isa a 1947 da nufin yin 'yan watanni, ta yi shekara talatin.

Can suka dasa wa tsako wani ƙari da aka ciro daga jikin ɓera, jijiyoyi suka yi ta tsirowa ba kan gado. A 1952 ta ɗauki ɓeraye biyu masu ƙarin ta tafi da su Barazil wurin ƙawarta Hertha Meyer, gwanar rayar da tsokar nama cikin kwalba. Suka ajiye ɗan ƙullin jijiya kusa da ƙarin, ba su taɓa juna ba. Kafin kwana ɗaya zaruruwa sun fito sun kewaye ƙullin kamar hasken rana.

Saura a san ko mene ne abin. Wannan aikin Stanley Cohen ne, masanin haɗa sinadarai, wanda ya zo a 1953. Ya zuba dafin maciji don ya narkar da wani sashe na ruwan ƙarin, ashe dafin ya fi ƙarin yawan abin da a ke nema! Da ya ke dafi ɗan'uwan miyau ne, ya duba wurin da miyau ke fitowa a jikin namijin ɓera, ya same shi jingim. Aka sa masa suna sinadarin tsiron jijiya, Turawa na taƙaita shi NGF. Daga wannan miyau kuma Cohen ya gano wani sinadarin dabam mai sa 'ya'yan ɓera buɗe ido da wuri, wanda saninsa ya taimaka ƙwarai wajen yin wasu magungunan sankara.

A 1986 aka ba Rita da Cohen lambar Nobel, aka bar Hamburger. Masana da yawa ba su ji daɗin haka ba, ni ma ina ganin an rage masa hakkinsa, domin tambayar tasa ce tun asali. Rita ta rasu a 2012 tana da shekara 103. Shekara biyar bayan haka aka yarda a Turai a yi amfani da NGF a matsayin maganin ɗigawa a ido, ga waɗanda jijiyar fatar idonsu ta lalace har gyambo ya ƙi warkewa.