The Busters: Kiɗan Jamaika a Hannun Samarin Jamus

Duk wanda ya tashi da kaset ɗin Bob Marley ya san rege, amma ba kowa ya san rege yana da yaya ba. Sunansa ska. A Kingston, babban birnin Jamaika, ya samo asali a ƙarshen shekarun 1950, ya kuma yi tashe daidai lokacin da ƙasar ta karɓi 'yancin kai daga Ingila a 1962. Shi kansa Marley da ska ya fara. "Simmer Down", waƙar da ta fito da sunan ƙungiyarsa The Wailers, ska ce tsantsa.

Gane kiɗan ba wuya. Mai jita ba ya kaɗawa tare da bugun ganga. Sai ya bari bugun ya wuce, ya jefa gajeriyar kaɗa a tsakani, ya danne tsirkiya da tafin hannu kafin sautin ya baje. Wannan 'yar tazarar ce ke hana ƙafar mai sauraro zama wuri ɗaya. Sannan ga masu busa, uku ko huɗu a jere, suna amsa wa mawaƙi kamar yadda 'yan amshi ke yi wa makaɗin fada.

Mutanen Jamaika da suka je ci-rani Ingila su suka tafi da ska can. A 1979 Jerry Dammers ya kafa kamfanin faifai na 2 Tone a birnin Coventry, inda baƙar fata da farar fata suka hau dandali ɗaya a ƙungiyar The Specials. Ta wannan hanya ska ya isa Jamus ta Yamma, har ya faɗa kunnen wasu samari a Wiesloch, ƙaramin gari da ke kudu da Heidelberg a jihar Baden-Württemberg. A 1987 suka haɗa ƙungiya, suka raɗa mata The Busters.

Bayan shekara guda faifansu na farko, Ruder Than Rude, ya fito. Kiɗa ne na samari masu jini a jika, sauri kamar ana korarsu, yawanci da Turanci, kuma salon Coventry ya fi na Kingston fitowa a cikinsa. Couch Potatoes ya biyo baya, daga baya kuma Sexy Money ya fito a 1994. A ganina, wanda ya fi nuna ko su wane ne shi ne Live in Montreux na 1995, da aka naɗa a bikin kiɗan jaz na Montreux a Suwizalan. Ska ba kiɗan ɗaki ba ne. Sai taro ya cika, gumi na zuba, masu busa na jan numfashi tare, sannan yake nuna kansa, kuma faifan ya kama wannan. Bayansa sun ci gaba da fitar da faifai, ciki har da Stompede da Revolution Rock. Masu busarsu sun yi aiki da Farin Urlaub na ƙungiyar Die Ärzte, Dr. Ring Ding na Münster kuma ya zama ɗaya daga cikin mawaƙansu.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne zamanin da suka taso. Bayan haɗewar Jamus a 1990, ƙiyayyar baƙi ta yi ƙamari. An kai hari gidan baƙi a Rostock a 1992, an ƙona gidan wasu Turkawa a Solingen a 1993, mutum biyar suka rasu. Ga shi kuma taron ska ya saba jawo samari masu askin ƙwal-kwabo da ake kira skinhead, wasu masoyan kiɗan Jamaika na gaskiya, wasu kuwa 'yan wariyar launin fata da suka ari kamanninsu. Ƙungiyar da ke irin wannan kiɗa dole ta faɗi inda ta tsaya. The Busters sun tsaya a kan adawa da wariya, ba su kuma ɓoye cewa daga baƙaƙen fatar Jamaika suka gaji abin da suke kaɗawa ba. Wannan halacci ne, kuma ya cancanci yabo.

Mai son rege da bai taɓa jin The Busters ba, ya fara sauraron masu ska na Jamaika irin su The Skatalites da Prince Buster tukuna, sannan ya nemi faifan Montreux.