Zaɓen Amurka: Yadda mai ƙuri'u mafi yawa kan iya shan kaye

A ranar Talata 5 ga Nuwamban 2024 Amurkawa suka fita zaɓen shugaban ƙasa, inda Mataimakiyar Shugaba ta wancan lokacin, Kamala Harris ta jam'iyyar Democrat, ta kara da Donald Trump na Republican, wanda a lokacin tsohon shugaba ne. Sai dai wanda ya fi samun ƙuri'un jama'a ba lallai ne ya shiga Fadar White House ba. Hakan ya faru sau biyar a tarihin ƙasar: a 1824 da 1876 da 1888 da 2000 da kuma 2016.

Dalili shi ne, Ba'amurke ba ya zaɓen shugaban ƙasa kai tsaye. Ƙuri'arsa tana tantance wakilan zaɓe ne da jiharsa za ta tura, su kuma su zaɓi shugaban. Wannan tsari shi ake kira Kwalejin Zaɓe. Wakilan su 538 ne, kuma ɗan takara na buƙatar 270 kafin ya yi nasara. Kowace jiha tana samun adadin da ya yi daidai da yawan 'yan majalisar wakilanta haɗe da sanatocinta biyu. Kujeru 435 na Majalisar Wakilai da 100 na Majalisar Dattawa sun kama 535, sai uku da aka bai wa birnin Washington a gyaran tsarin mulki na 1961. Kalifoniya ce kan gaba da wakilai 54, Texas na bi mata da 40, yayin da jihohi irin su Wyoming ke da uku kacal.

Inda gizo ke saƙa shi ne yadda ake rabon wakilan. A jihohi 48 da birnin Washington, duk wanda ya zo na ɗaya, ko da ratar ƙuri'a ɗaya ce, shi ke kwashe wakilan jihar baki ɗaya. Maine da Nebraska ne kawai ke rabawa bisa mazaɓu. Don haka ɗan takara zai iya tara miliyoyin ƙuri'u na rara a Kalifoniya ba tare da sun ƙara masa wakili ko ɗaya ba, alhali abokin karawarsa yana lashe wasu jihohin da ƙyar yana tara wakilai.

A 2016 Hillary Clinton ta fi Trump da ƙuri'u kusan miliyan 2.9 a faɗin ƙasar, amma Trump ya ci Pennsylvania da Michigan da Wisconsin da ratar da ba ta kai 80,000 ba idan aka haɗa ukun, ya zama shugaba. A 2000 kuwa Al Gore ya fi George W. Bush da sama da ƙuri'u 500,000, sai ƙuri'u 537 na jihar Florida suka ba Bush mulki bayan Kotun Ƙoli ta dakatar da sake ƙidaya.

Tsarin ya samo asali ne daga taron rubuta tsarin mulki na 1787 a Philadelphia. Ƙananan jihohi sun ji tsoron manya za su danne su, wasu mahalarta kuma ba su amince talakawa su zaɓi shugaba kai tsaye ba. Akwai kuma batun bayi. Jihohin kudu suna da bayi masu yawa da ba su da 'yancin zaɓe, sai aka amince a lissafa kashi uku cikin biyar na adadinsu wajen rabon kujerun majalisa, abin da ya ƙara wa kudu wakilan zaɓe.

Sakamakon haka, yaƙin neman zaɓen 2024 ya tattara ne a jihohi bakwai da a lokacin ba a san gwaninsu ba: Pennsylvania mai wakilai 19, Georgia da North Carolina 16 kowacce, Michigan 15, Arizona 11, Wisconsin 10, sai Nevada 6. Jimillarsu 93. A nan 'yan takarar suka zuba kuɗin talla suna kai gwauro suna kai mari, suka bar jihohin da tuni aka san inda suka dosa. A 2020 Joe Biden ya ba Trump ratar ƙuri'u sama da miliyan bakwai, amma da ƙuri'u kusan 43,000 na Georgia da Arizona da Wisconsin sun juya, da an yi kunnen doki, 269 da 269. A irin wannan hali Majalisar Wakilai ce ke zaɓen shugaba, kowace jiha da ƙuri'a ɗaya.

Wannan ne ya ba ƙananan al'ummomi nauyin da ya fi yawansu. A Michigan, inda birnin Dearborn ke da ɗimbin Larabawa da Musulmi, sama da mutum 100,000 sun ƙi mara wa Biden baya a zaɓen fid da gwani na Fabrairun 2024, mafi yawa saboda matsayinsa kan yaƙin Gaza. Trump ya ci jihar a 2016 da ƙuri'u ƙasa da 11,000, don haka babu ɗan takarar da zai raina fushin wannan al'umma.

Mai karatu a Najeriya zai ga kamanni da namu tsarin, inda sashe na 134 na tsarin mulkin 1999 ya wajabta samun kashi 25 cikin ɗari a kashi biyu bisa uku na jihohi. Manufar ɗaya ce, kada yanki ɗaya ya naɗa shugaba shi kaɗai. Bambancin shi ne a Najeriya dole mai nasara ya fi kowa yawan ƙuri'u, a Amurka kuwa babu wannan sharaɗi.

Masu sukar tsarin na cewa ya sa ƙuri'ar mutumin Wyoming ta fi ta mutumin Kalifoniya daraja. Masu kare shi kuma na cewa yana tilasta wa 'yan takara sauraron jihohin karkara. Sauya shi na buƙatar amincewar kashi biyu bisa uku na majalisun biyu da kashi uku bisa huɗu na jihohi, kuma jihohin da ke amfana da shi ba za su yarda cikin sauƙi ba.

Bayan zaɓen 2024, wakilan sun kaɗa ƙuri'unsu a jihohinsu ranar 17 ga Disamba, majalisa ta ƙidaya ranar 6 ga Janairun 2025, aka rantsar da sabon shugaba ranar 20 ga Janairu.