Yadda Ake Nazarin Tagwayen Shafuka a Mujallun Waƙa

Idan aka buɗe mujalla, shafin hagu da na dama sukan fuskanci mai karatu lokaci guda. Sau da yawa masu tsara mujalla kan ɗauki waɗannan shafuka biyu tamkar fage ɗaya, su shimfiɗa labari guda a kansu. Wannan shi muke kira tagwayen shafuka. A mujallun waƙa, a nan ake ajiye babbar hirar fitowar, kuma a nan mai zane ya fi samun damar nuna hannunsa. Ɗalibin harshe yana da ruwa da wannan, domin tun kafin a karanta kalma ɗaya, tsarin shafin ya riga ya faɗa wa mai karatu wane irin mutum ne mawaƙin.

Abu na farko da za a duba shi ne hoto. Ina mawaƙin yake kallo? Idan ya ƙura wa mai karatu ido, to magana ce ta kai tsaye. Idan kuwa ya juya wajen rubutu, yana jan idon mai karatu ne zuwa ga labarin. Da wuya a ga an sa shi yana kallon wajen takarda, don kada ido ya bi shi ya fita. Mai zane kuma yana kaffa-kaffa da tsakiyar mujalla, wurin da aka ɗinke ko aka manne takardu, domin fuska ko kalmar da ta faɗa can sai ta karye.

Daga nan sai kanun labari. A mujallar Rolling Stone, wadda aka kafa a San Francisco ta Amurka a 1967, Fred Woodward ya jagoranci zane daga 1987 zuwa 2001. Ya yi suna wajen ba hoto shafi guda sukutum, sannan ya cika ɗayan da manyan haruffa masu amsa siffa ko yanayin hoton, har kanun ya zama hoto shi ma. A ƙarƙashin kanu akan sami 'yar gajeriyar gabatarwa, layi biyu ko uku. Akwai kuma tsakure, wato jimlar da aka ciro daga bakin mawaƙin aka ƙara mata girma. A ganina nan ne ɗalibi zai fi samun abin nazari. Jimla ce da aka raba da abin da ya gabace ta, kuma edita ne ya zaɓe ta. Sai a nemo ta cikin hirar, a gwada ma'anarta a can da ma'anarta ita kaɗai. Ba kasafai sukan zo ɗaya ba.

Wani lokaci zane kan danne rubutu. A 1994, David Carson na mujallar Ray Gun ya ga hirar da aka yi da mawaƙi Bryan Ferry ba ta da armashi, sai ya buga ta da Zapf Dingbats, salon da ba shi da haruffa sai taurari da kibiyoyi da makamantansu. Ba mai iya karanta ta. Sai a ƙarshen mujallar aka sake buga ta da haruffan da aka saba.

Ga mai nazarin Hausa akwai ƙarin abubuwa biyu. Boko daga hagu yake farawa, shi ya sa ido kan soma sauka a saman shafin hagu. Da ajami aka yi aikin, da dukan tsarin ya juya. Na biyu, yawancin haruffan ado da ake yin kanu da su ba su da ɓ, ɗ da ƙ. Idan ɗalibi ya ɗauki mujallar Fim, wadda ta fara fitowa a 1999 kuma take hira da mawaƙan finafinai, ko wata irinta, ya duba ko lanƙwasar ta tsira a kanu kamar yadda take a cikin labari, domin inda ta ɓace, ƙafa takan koma kafa, ɓata kuma ta koma bata.